Mili Takwas

Litinin, 5 ga Maris 2012, bayan la'asar

Injin ya karye yau da hantsi. Baba yana asibiti. Ban taɓa komai ba.

Talata, 6 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta abin a jere tun kaina bai cakuɗe ba, don Darakta Attahiru ya ce za a kafa kwamiti, kuma wanda ya shiga gaban kwamiti da labari biyu ya gama yawo.

Cibiyarmu ta koyar da sana'a a nan Tambuwal injin sassaƙar ƙarfe ɗaya gare ta mai aiki da kwamfuta. Ni nake zana wa wuƙarsa hanya, ni kaɗai na iya. Baba, wato Malam Dawuda, mahaifin matata Hinde kuma shugaban sashenmu, shi yake ɗaure ƙarfe, ya saita wuƙa, ya danna koren maɓalli. Aikin jiya mazubi ne, ƙarfen da ake zuba narkakken abu a ciki ya ɗauki siffa, na murfin famfon ban-ruwa da manoman fadamar Kebbe suka nema. Dunƙulen ƙarfe ne za a ƙwaƙule wa aljihu mai zurfin mili ashirin da huɗu. Kafin gyaran ƙarshe sai an yi cin farko, a kwashe naman ƙarfen. Dokar Baba a cin farko ba ta canzawa: wuƙa ta shiga a gangare, kada ta soka kai tsaye, kuma a kowane zagaye ta ci mili biyu. Zagaye goma sha biyu ke nan, awa biyar cur.

Baƙi daga Sakkwato ƙarfe sha biyu za su iso, Darakta yana son su tarar da mazubi a gama. Gas ɗin janareto bai zo ba sai goma saura. Na ce wa Baba ko za a ƙara wa wuƙa ci. Bai dube ni ba, ya ce wa Jumare malamin walda, “A gaya ma mai kwamfuta ƙarfe bai san baƙi ba.” A gaban ɗalibai. Suka yi dariya.

Goma da kwata ya danna. Kowa ya san halinsa, yana barin ƙofar injin a buɗe da faɗin tafin hannu, ya cusa tsinke a makunnin tsaro, wai sai ya ji kukan ƙarfe da kunnensa. Tsohon tabaraunsa kuma, mai ɗaure da zare, yana goshi. Ƙara ɗaya aka ji. Wuƙa ta tarwatse, wuyan injin ya karkace, wani tsini ya same shi a idon hagu.

Ni ina wajen kwamfuta, nesa da injin.

Talata, bayan azahar

Na manta ban rubuta ba. Ba a kai shi asibiti nan take ba. Motar cibiya ɗaya ce, ta tafi Dogon Daji tarbo baƙi. Darakta ya ce, “Ku kai shi sito shi zamna, a ba shi ruwa. Ba ni son jini bakin ƙofa.” Aka rufe injin da tamfol, aka goge siminti. Ni na karanta jawabin maraba, kuma ya yi kyau, har wani babba ya tambayi sunana. Aka zaga da su sashen ɗinki. Biyu da rabi suka tafi, sannan aka fito da Baba riƙe da hularsa a kan ido.

Ba ni na ce a kai shi sito ba.

Alhamis, 8 ga Maris, da hantsi

An wuce da Baba asibitin Sakkwato. Hinde ta bi shi da 'yarmu A'isha a goye. Kafin ta fita ta tsaya ta ce, “Malam, kai kana ina sa'ad da abin yaf faru?” Na ce ina wajen aikina. Ta ce, “Shekara talatin shina ga ƙarfe, ko farce bai taɓa rasawa ba.” Na ce to ai ga shi yau ya rasa abin da ya fi farce. Ban san me ya sa na faɗa haka ba. Na sani, haushinta nake ji, don ko abincin rana ba ta bar mini ba.

Asabar, 10 ga Maris, ƙarfe goma

Na shiga cibiya ba kowa. Na buɗe furogiram ɗin. Zurfin ci: biyu. Shiga: gangara. Abin da za a bari don gyaran ƙarshe: rabin mili. Haka yake yanzu, kowa yana iya zuwa ya duba. Na saki gwaji a allo, wuƙa ta gangara a hankali ta yi ta zagayenta daga tsakiya zuwa bango, lafiya lau. Na sake duba lambar sau uku.

Litinin, 12 ga Maris, bayan la'asar

Shekara talatin, shekara talatin. Duk wanda ya buɗe baki a cibiya da ita yake farawa. To, shekara talatin ɗin me? Ya koyi juya ƙarfe da hannu tun zamanin da kuɗin mai suke zuba, lokacin da in ka iya riƙe sifana sai a ɗauke ka aiki. Har yau bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Ni da babbar difiloma ina ƙarƙashinsa shekara shida, in zana, ya zo ya tsaya a bayana yana nuna allo da tsinken sakace. Zagayen wuƙa ma kunya yake kiransa, wai ƙarfe gona ne, ba a tsallake kunya. Kunya ta ɗaya, kunya ta biyu, har sha biyu, ɗalibai suna gyaɗa kai kamar an yi musu tafsiri.

Baba da kunya. Ta gona, ta ƙarfe, da ta surukuta. Hinde ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunanta ba, balle nawa. Shekara tara da aurenmu ni mai kwamfuta ne a bakinsa, kuma ta bakin wani yake yi mini magana ko da ina tsaye a gabansa. Ba mu taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. Da abin yana ba ni haushi. Yau da na zauna na yi tunani sai na ga yana da amfani.

Laraba, 14 ga Maris, bayan magariba

Na je dubiya Sakkwato tare da Jumare. Na tuɓe takalmi na tsuguna a bakin ƙofar ɗakin kamar yadda ya dace. Idon ya tafi. Likita ya gaya wa Hinde da an kawo shi da wuri da wataƙila an ceci wani abu. Ta maimaita mini maganar sau biyu tana kallona, sai ka ce ni ne direban motar.

Baba ya amsa gaisuwa da gefen fuskarsa mai lafiya. Da za mu tafi ya ce wa Jumare, “A gaya ma mai kwamfuta shi shafa ma ƙarfen nan mai. Kada shi yi tsatsa.”

Mutum yana kwance da ido ɗaya, ƙarfen da ya lalace yake tunani. Me zai yi da shi? 

Alhamis, 15 ga Maris, da safe

Na nemi dunƙulen. Darakta ya kulle shi a ofishinsa, wai shaida ce.

Asabar, 17 ga Maris, bayan azahar

A ce ma mutum ya sa takwas maimakon biyu. A ce. Zagaye uku ke nan maimakon sha biyu, a gama kafin sha biyu, baƙi su ga mazubi, a tambayi wanda ya zana. Littafin wuƙar ai ya ce tana ɗaukar takwas. Ga gorar ruwa ya ce, wato alminiyon mai laushi, na yarda, ba ga wannan ƙarfen ba, amma jadawalin ƙananan rubutu ne, kuma ana ta ƙwala wa mutum kira. A ce kuma ya cire gangara ya sa ta soka kai tsaye don ya tsira da minti goma. A ce bai saki gwaji a allo ba don gas yana ƙonewa. Duk wannan zai fasa wuƙa, shi ke nan, wuƙa kuwa ana sayen wata. Ba zai fasa idon kowa ba in ƙofa tana rufe.

Wa ya cusa tsinke a makunnin tsaro? Wa ya ɗage tabarau?

Litinin, 19 ga Maris, ƙarfe biyu

Darakta ya kira ni. Ya ce ma'aikatar da muke ƙarƙashinta ba ta son dogon labari, mutum ɗaya take so. Ya ce, “Ko kai ko shi. Shi ya kusa ritaya, kai ko yanzu kaf fara. Akwai hanyar da wuƙa ka shiga da zurfi ba daga kwamfuta ba?” Na ce akwai. Kafin a fara aiki Baba yana zura 'yar takarda a ƙarƙashin wuƙa, ya sauke ta har ta kama takardar, nan ne saman ƙarfe, sai ya shigar wa injin lambar da hannu. In ya kuskure da mili shida, cin biyu ya koma takwas. Darakta ya ce, “Da tabarau ɗaure da zare? Madalla.” Ya ba ni lemo mai sanyi.

Maganar sito ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Talata, 20 ga Maris, da hantsi

An sallami Baba daga asibiti. Yana masaukinsa na bayan cibiya, Hinde tana can wuni. Shara ta taru a tsakar gidana.

Alhamis, 22 ga Maris, bayan la'asar

Kwamiti ya zauna. Darakta, Jumare, da Alhaji Abdu daga ma'aikatar, wanda bai san bambancin injin niƙa da na sassaƙa ba. Dunƙulen yana kan tebur. Na kunna musu kwamfuta suka ga biyu, suka ga gangara, suka ga wuƙa tana zagaye a allo. Alhaji Abdu ya ce abin sha'awa. Na yi bayanin takarda da lamba da tabarau. 

Aka shigo da Baba, an naɗe masa rabin kai. Bai zauna ba. Ya lalubi dunƙulen, ya zura ɗan yatsa a ramin da wuƙa ta yi, ya zagaya bakinsa a hankali. Ramin a miƙe yake kamar rijiya. Kuskuren lamba yana ƙara zurfi, amma ba ya share gangara. Wannan daga kwamfuta kaɗai yake fitowa. Ni na sani, shi ya sani, sauran ukun suna kallon yatsa kawai.

Alhaji Abdu ya ce, “Malam, mi kag gani?”

Baba ya ci gaba da zagaya ramin da yatsa.

“To wa ka zana ma injin hanya?”

Baba ya juyar da fuskarsa bango.  Ina tsugune a gefen ƙofa, kaina a ƙasa, suruki na gari. Abin da ake nema a bakinsa sunana ne, a gaban mutane, mijin 'yarsa ta fari. Na san ba zai iya ba. A kan haka na shigo.

Ya ce, “Ni ab babba wurin. Ni nid danna.”

Alhaji Abdu ya rubuta. Jumare ya yi ta kallon yatsan Baba. Da aka tashi na riga kowa zuwa na juya wa Baba takalmansa.

Alhamis, bayan magariba

Ni na sa takwas. Ni na cire gangara. Yana sito da hula a ido na mayar da su. Na rubuta, ga shi nan, kuma babu abin da ya same ni.

Litinin, 26 ga Maris, da azahar

Takardar ta fito. Ritayar dole saboda sakaci da rashin bin ƙa'idar tsaro. Sakataren Darakta ba ya nan, ni aka ba in buga. Darakta ya yi kuskure wajen rubuta kalmar sakaci, na gyara masa. A ƙasan takarda ta biyu akwai sunana, muƙaddashin shugaban sashe. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara shida nake jira.

Na kwashe tarkacen Baba daga tebur: tsinkayen sakace, guntayen takardar saiti a gwangwanin madara, da wata tsohuwar ma'auni ta inci. Na zuba a kwali na ba Jumare ya kai masa. Ya ce ko ni zan kai da kaina. Na ce suruki ba ya shiga wa surukinsa haka kai tsaye.

Laraba, 28 ga Maris, da safe

Hinde ta zo ɗaukar kaya, za ta raka shi gida Kebbe. Tana ninke zannuwa ta ce, “Malam, mi ag gangara?” Na ce gangaren me. Ta ce, “Baba in shina zamne shi ɗai sai shi riƙa shafa tabarma da yatsa shina cewa babu gangara, babu gangara.” Na ce ciwon ido yakan taɓa kai, ta yi masa addu'a, tsufa ma ya zo.

Ta daina ninki. Ta dube ni har na gaji da kallon na tashi na fita. Da na dawo na ga ta haɗa har da tukwanenta biyu. Na ce jinya ce ko ƙaura? Ta ci gaba da ɗaure kayan. Na ce ta gaya masa ya daina shafe-shafe kada ya rasa ɗayan ma. Wannan maganar ba ta kamata ba, amma ta riga ta fita daga bakina.

Jumu'a, 30 ga Maris, da hantsi

Gidan shiru. Ban taɓa komai nata ba.

Litinin, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Jumare ya daina cin abinci da ni. Yau na tare shi a bakin sashen walda. Ya ce, “Ɗiyar Malam ta tambaye ni mi ag gangara, nig gaya mata. Ta ce wa ka sa ta, nig gaya mata. Iyakar abin da nis sani ke nan.” Na tuna masa wa ke sa hannu a takardar hutunsa yanzu. Ya saukar da gilashin waldarsa ya ci gaba da aiki.

Darakta ya ce injiniyan da zai gyara wuyan injin zai iso daga Kaduna ranar Litinin mai zuwa, kuma ya ce a ajiye masa dunƙulen ya gani. Na ce ai an gama magana. Ya ce an gama, kallo kawai zai yi, in dai ba wanda ya je ya tsokano shi da tambaya.

Laraba, 4 ga Afrilu, da azahar

Na kira Hinde a waya sau biyar. Ta shida ƙanin Baba ne ya ɗauka, Kawu Ɗangiwa. Ya ce in zo Jumu'a.

Jumu'a, 6 ga Afrilu, bayan magariba

Na dawo daga Kebbe.

Na tafi da sukari da goro a bayan babur. Na same su a zaure bayan an sauko masallaci, Baba da Kawu Ɗangiwa da dattawa huɗu, an ajiye akushin tuwo. Na tuɓe takalmi daga nesa na tsuguna a waje cikin rana, ina jira su gama kamar kullum.

Baba ya ce, “Gidaɗo, shigo.”

Na ɗauka kunnena ne. Dattawan suka tsaya da hannuwa a sama. Wani ya ce subhanallahi a hankali.

“Matso nan, Gidaɗo. Sa hannu.”

Ya turo akushin tsakaninmu. Na ce Baba na ƙoshi. Ya ce, “Ci. Yanzu ba kunya tsakaninmu.” Kawu Ɗangiwa ya tashi ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya. Na sa hannu a akushi ɗaya da mahaifin Hinde. Loma uku na yi. Shi kuwa ya ci tuwonsa tsaf, ya suɗe yatsu, yana kallona da idon da ya rage. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba a gaban kwamiti.

Da aka ɗauke akushi ya zaro takarda da biro daga ƙarƙashin buzu ya ajiye a gabana. Ya ce, “Ɗiyata na son takardarta. Ban tilasta ka ba. Amma na kira sunanka nan, Gidaɗo, ina iya kiran shi gaban injiniya ranar Litinin. In ka rubuta, ka riƙe kujerarka, ba ni da magana da kowa. In kana son matarka, sai mu tafi Tambuwal tare, ka faɗi da bakinka.”

Daga cikin gida ina jin A'isha tana kuka, ina jin muryar Hinde tana lallashinta. Ta san ina nan. Na tabbata tana bayan katanga tana jiran ta ji wanne zan ɗauka. Na yi tunanin Darakta, da ɗalibai, da takardar da na buga da hannuna. Ban daɗe ina tunanin ba.

Na rubuta. Dattawan suka shaida. Kukan ya yi nisa zuwa can cikin gida.

Na sa takalmi, babu wanda ya tashi rakiya. Sukari da goro suna kan babur yadda na ɗaure su. Ina tayar da shi na ji Baba daga zaure ya ce, “Sauka lafiya, Gidaɗo.” Sau huɗu ke nan a wuni ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.